Waiwaye: yadda mai rikiɗa kyarkeci ya baro kotunan Faransa ya shiga fim

Wanda ya san mai rikiɗa kyarkeci ta finafinai kawai zai rantse da abu uku: cizo ke yaɗa abin, cikar wata ke tayar da shi, harsashin azurfa ke kashe shi. Amma in aka buɗe takardun shari'ar waɗanda aka ƙone a ƙasar da ake kira Faransa a yau bisa zargin su ne loup-garou, wato masu rikiɗa kyarkeci da Faransanci, ba waɗannan za a tarar ba. Tufafi za a tarar, da man shafawa, da fatar dabba, da gawawwakin yaran da aka tura kiwo.

Tun farko ma ba mugu ba ne. A ƙarshen ƙarni na 12 Marie de France ta rubuta waƙar Bisclavret, labarin wani barde na yankin Bretagne da ke ɓacewa kwana uku kowane mako. Matarsa ta matsa masa har ya faɗa mata sirrinsa: tuɓewa yake yi ya ɓoye tufafinsa, ya shiga daji a siffar kyarkeci, kuma in babu tufafin ba zai koma mutum ba. Sai ta tura wani mai sonta ya sace su. Sarki ya tsinci dabbar a wajen farauta, ya ga tana da hankali irin na mutum, ya ajiye ta a fada. Ranar da ta haɗu da matar, hancinta ta gutsire. A wannan labari matar ce maciya amana, mai rikiɗar kuwa abin tausayi.

A ƙarni na 16, da farautar mayu ta yi zafi, sai al'amarin ya juye ya zama laifin da ake kashe mutum a kansa. A 1521 aka ƙone Pierre Burgot da Michel Verdun bayan shari'ar da ta shahara da sunan garin Poligny. Bayanin da aka tatsa daga bakinsu shi ya zama zubin da aka riƙa maimaitawa: mutum ya gamu da wani baƙo sanye da baƙaƙen kaya, ya yi masa mubaya'a ya bar addininsa, a ba shi man shafawa, ya tuɓe ya shafe jikinsa, ya fita da ƙafa huɗu. A wasu shari'o'in fatar kyarkeci ake cewa an ba shi. Hujjar da alƙalai suka fi so ita ce rauni: in wani ya ce ya sari kyarkeci a cinya, aka wayi gari maƙwabci na ɗingishi, magana ta ƙare. Ragowar aikin azabtarwa ke yin sa. Alƙali ya karanta littattafan da suka tsara yadda laifin yake, ya yi tambaya bisa wannan tsari, wanda ake tuhuma ya amsa don a sassauta masa, amsar kuma ta shiga littafi na gaba a matsayin sabuwar shaida.

Shari'ar da ta fi fitowa fili ita ce ta Gilles Garnier. A 1573 majalisar shari'a ta Dole ta ba mutanen ƙauyuka izinin fita da makamai su nemo abin da ke cinye musu yara. Aka kama Garnier, wani matalauci da ke zaune da matarsa a bayan gari, ya amsa kashe yara huɗu, aka ƙone shi a Janairun 1574. Takardar hukuncin har ta ambaci cewa ya yi niyyar cin naman ɗaya daga cikin yaran duk da ranar Juma'a ce, ranar da Katolika ba sa cin nama. A lura: Dole da Poligny da Saint-Claude duk suna Franche-Comté, wadda a lokacin tana hannun gidan sarautar Habsburg, sai a 1678 ta zama ta Faransa.

Kyarketai na gaske suna nan, kuma suna cin mutane. Masanin tarihi Jean-Marc Moriceau ya bi rajistocin jana'iza na coci-coci, littafinsa na 2007 ya tattaro hare-hare 3,000 tsakanin ƙarni na 15 da na 20. Ya raba su biyu: kyarkeci mai ciwon haukan kare, wanda ke cizon duk wanda ya tarar, da mai farautar mutum don ci, wanda ke zaɓen yara da mata a bakin daji. Adadin shari'o'i 30,000 da ke yawo a intanet kuwa ba shi da tushe a takardun kotu. Waɗanda aka tabbatar ba su ko kusa da haka ba.

Malamai ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Jean Bodin, a littafinsa na 1580, ya dage cewa jiki na rikiɗa da gaske. Yawancin malaman coci sun bi ra'ayin Augustine, babban malamin Kirista na dā, cewa Shaiɗan ba ya iya sauya halitta, sai dai ya rufe ido. Henry Boguet, alƙalin Saint-Claude, yana wannan ɓangare, amma hakan bai hana shi ƙone 'yan gidan Gandillon a 1598 ba. Manyan kotuna ne suka taka birki. A shekarar ta 1598 aka yanke wa Jacques Roulet hukuncin kisa a Angers, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta mayar da shi tsarewar shekara biyu a gidan masu taɓin hankali. A 1603 kotun Bordeaux ta duba Jean Grenier, yaro ɗan shekara 13 ko 14 da ya riƙa yi wa 'yan mata alfahari yana cin yara, ta ce a killace shi a gidan ibada har ƙarshen ransa.

Dabbar Gévaudan, wata dabba da ta riƙa kashe mutane a yankin Gévaudan na kudancin Faransa, ta zo ne bayan an daina irin wannan shari'a, amma ita ta fi barin suna. Daga kisan Jeanne Boulet, 'yar shekara 14, ranar 30 ga Yuni 1764, zuwa tsakiyar 1767, an kashe kusan mutum 100 a tsaunukan da ke jihar Lozère ta yau da kewayenta. Bishop na Mende ya ce bala'i ne daga Allah. Kyaftin Duhamel ya zo da sojojin doki, amma doki bai da amfani a fadama da duwatsu da ƙanƙara, manoman da aka tilasta wa barin gona don kora kuma ba su ba da haɗin kai ba. An gwada sa guba a gawa, an gwada sa wa sojoji kayan mata, duk a banza. A Satumban 1765 François Antoine, mai riƙe wa Sarki Louis na 15 bindiga, ya harbe wani ƙaton kyarkeci mai nauyin kilo 60 da ɗoriya, aka kai shi Versailles, fada ta rufe maganar. Watan Disamba hare-hare suka dawo. Sai ranar 19 ga Yuni 1767 Jean Chastel ya kashe wata dabbar, daga nan aka samu sauƙi. Zancen cewa ya narka lambobin ibada na azurfa ya yi harsashi, marubutan baya ne suka ƙara shi.

Labarin ya bi Faransawa ƙetare ya sake kama. A Quebec, wanda ya shekara bakwai bai yi ibadar Ista ba shi ke rikiɗa, maganinsa kuma a fitar masa da jini ko ɗigo ɗaya ne. A Louisiana ya zama rougarou, dodon tsorata yara. A Haiti lougawou ta fi kama da mayya mai shan jinin jarirai da dare.

Fim ya ɗebi abin da ya ga dama. Littafin Guy Endore na 1933, The Werewolf of Paris, ya dasa labarinsa a yaƙin Faransa da Prussia na 1870 da boren Paris na 1871, amma da kamfanin Hammer ya mayar da shi fim a 1961 sai ya kwashe shi zuwa Sifaniya. Cizo da azurfa kuwa finafinan kamfanin Universal na Amurka na 1935 da 1941 suka kafa su a zukatan masu kallo. Faransawa sun karɓo nasu a 2001 da fim ɗin Le Pacte des loups kan dabbar Gévaudan, da kuma wasan kati na Les Loups-garous de Thiercelieux. A wasan, kowa ya rufe ido da "dare", masu katin kyarkeci su nuna wanda za su ci. Da "safe" 'yan gari su yi ta musu, su jefa ƙuri'a su kashe mutum ɗaya, sannan a buɗe katinsa a ga ko shi ne ko ba shi ba.