Cinikin kayan wasanni da kayan kiɗa na hannu a intanet

Wannan ciniki ne da mutum zai ɗauki hoton kayan da ya yi amfani da su, takalmin ƙwallo ne ko keke ko ƙarfen ɗagawa ko jita ko piyano, ya ɗora a shafin talla da kuɗinsa da lambar waya, mai so ya kira shi su daidaita. Shafin dillali ne kawai, ba shi ke da kayan ba, shi ya sa in an samu matsala yawanci tsakanin mai saye da mai sayarwa ne.

A Najeriya wanda aka fi sani shi ne Jiji, an buɗe shi a Legas a 2014, a 2019 kuma ya sayi harkar wani shafin talla irinsa mai suna OLX ta Najeriya da Ghana da Kenya da Tanzaniya da Yuganda. Akwai Facebook Marketplace ma, sai guruf-guruf na WhatsApp. Kayan iri biyu ne, akwai wanda aka yi amfani da shi a nan gida akwai kuma na gwanjo da aka shigo da shi daga waje, wanda 'yan kudu ke cewa tokumbo, shi ya fi tsada don ana ganin bai sha wahala sosai ba.

Wajen dubawa ne aikin yake gaskiya. Injin gudu na motsa jiki ko piyano mai lantarki da ya fito daga Amurka da yawa wuta mai ƙarfin volt 120 yake ci, tamu kuma 230 ce, kana jonawa babu taransifoma ya ƙone. Jita kuwa a kalli wuyanta da kyau, bushewar hunturu tana lanƙwasa katako har ta tsaga shi kuma hoto ba ya nuna wannan, piyano sai an danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Takalmin ƙwallo mai dogayen haƙora a ƙasansa don filin ciyawa aka yi shi, a filin ƙasa irin namu yana cinyewa da wuri ga ciwon ƙafa. Hular kwano ta keke dai gara sabuwa, in ta taɓa buguwa ƙarfinta ya ragu ko da waje lafiya lau.

Damfarar da ta fi yawa ita ce a ce ka turo kafin alƙalami za a sako maka kaya a mota, kana turawa a kashe waya, abin takaici matasa masu tara kuɗi da ƙyar su ne ke faɗawa. Mai sayarwa shi ma ana yi masa alat na bogi, don haka masu harkar ke haɗuwa a wurin jama'a, a gwada kaya, a ga kuɗi ya shiga asusu sannan a miƙa.