Uwargida mai aiki da yawa, zo mu yi maganar tukunya da ɗumame

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na Birnin Kebbi da Jega da Argungu da Yauri har Zuru, da ku iyayen gida maza tunda ku ke riƙe da kuɗin cefane maganar nan ta shafe ku. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, aikinmu awon ciki da rigakafi da auna nauyin yara, kuma duk sadda muka ce ma uwa ta gyara abincin ɗanta amsar da muke ji ita ce "Malama ina lokacin yake?" Gaskiya kuma take faɗa, mace ta tashi tun asuba ta ɗora ruwan wanka ta shirya yara boko, ita kanta wata tana koyarwa wata tana ɗinki wata tana suyar awara, kafin ta juya azahar ta yi yara sun dawo da yunwa ga islamiyya na jira. Don haka ba zan ce ma kowa ta yini a madafi ba. Abin da nake so mu gane shi ne akwai hanyar rage aiki wadda ba ta cutarwa, akwai kuma wadda muke ganin sakamakonta a asibiti, amai da gudawa da yara masu rama.

Bari in fara da shinkafa don nan garinta ne, tun kafin a ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a jihar nan a 2015 muna nomanta muna cinta, dafa-duka, da wake, da mai da yaji, tuwo, ba gidan da take wuce kwana biyu ba a ɗora ba. To ita ɗanyar shinkafa tun daga gona akwai wata ƙwayar cuta a jikinta mai ɓawo mai tauri wadda tafasa ba ta kashewa. In an sauke an ci da zafi ba komai. Matsalar tana zuwa ne in aka bar ta a tukunya ko a kula ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, a nan ƙwayar ke farfaɗowa ta hayayyafa ta zuba guba cikin abincin, kuma gubar nan ko kin sake ɗumamawa har ta yi tiriri ba ta lalacewa. Shi ya sa za ki ga yaro ya ci shinkafar jiya, ba ta yi wari ba ba ta yi yauƙi ba, amma cikin awa ɗaya zuwa shida ya kama amai, a ce iska ce ko maiko ne ya yi yawa. Hanci ba ya gane wannan, dan Allah mu daina dogara da sunsunawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili, ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, tsakanin nan biyu ne ƙwayoyin cuta ke jin daɗi. Yanzu ki tuna zafin Kebbi a watan Maris da Afrilu da Mayu da yake haura digiri 40. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015 mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara a duniya ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 ke mutuwa, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba ƙaramar magana ba ce wallahi.

Mi za a yi? Abu na farko awo. Ki san gwangwani nawa gidanki ke cinyewa ki tsaya a nan, shinkafa ba ta cikin abincin da ake dafa na kwana biyu don a huta. In kina da firij kuma kin tabbata yana da sanyi ba wanda wuta ta ɗauke tun safe ba, ki baza ragowar a faranti mai faɗi ta huce da wuri ki rufe ki saka, gobe a ɗumama sau ɗaya tak a cinye. In babu, ki fitar da ita tun da zafinta a ba maƙwabta ko almajirai a lokacin. Kuma a nan ina roƙonmu don girman Allah, abin da kika ji tsoron ba ɗanki kada ki juye ma almajiri a roba, shi ma ɗan wata ne, kuma in ya kwanta ciwo ba mai kai shi asibiti da wuri.

Ɗumamen tuwo kuma na san ba mai raba mu da shi, ni ma ba zan ce a bari ba. Amma a gutsuttsura malmalar ƙanana yadda zafi zai ratsa har tsakiya, ba sama zafi ciki sanyi ba, miya kuma a tafasa ta sosai da dare a rufe kada kowa ya sake sa ludayi, da safe a sake tafasawa har ta yi ɓul-ɓul. Tuwon shinkafa hukuncinsa ɗaya da shinkafa, a tuƙa daidai ci. Jariri da ya fara cin abinci da mai ciki da tsoho da mara lafiya, su a yi musu sabo ko ɗan kaɗan ne.

Sai wake da nama, inda gaggawa ta fi kai mutane ga ɓarna. Akwai masu jefa farasitamol cikin tukunyar ganda ko ƙafar saniya wai ya yi laushi da wuri a rage gawayi, hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan haka. Magani ne da ake sha da awo, ba kayan miya ba ne, yawansa hanta yake lalatawa, kuma a tukunya ba wanda ya san nawa ya shiga cikin wa, har da yaro ɗan shekara biyu. In nama ya yi tauri ki yanka shi ƙanana, ki cuɗa shi da ɗan gurzajjen ɗanyen gwanda ko ruwan abarba ko dakakkiyar citta ki bar shi kamar rabin awa, waɗannan suna da sinadarin da ke sassauta nama da kansu. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki sa sabo, zai dahu da wuri kuma kumburin cikin da yake sawa zai ragu. Kanwa ɗan kaɗan ta isa in ma sai an sa, yawanta na kashe wasu sinadaran bitamin na abincin, ga shi tana sa gudawa. Wadda Allah ya hore ma wa ta sayi tukunyar fresha mai murfin ɗaurewa, kuɗinta na dawowa ta wajen gas.

Tunda ana maganar wake, maigida kai ke sayen buhu lokacin kaka. Dan Allah kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na feshi cikin waken ci ko busasshen kifi, wanki ba ya fitar da shi duka. Akwai buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki buhu ɗaya a waje, in wake ya bushe ƙarau aka ɗaure kowane hawa tam iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu suke mutuwa ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau ma tana yi in an cika ta har baki. Kifin Yauri da na Argungu albarka ne gare mu, amma in kika ji warin magani na tashi a jikin busasshe ki wuce gaba komai arharsa. Gyaɗa da masara kuma duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi ko take ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a kai niƙa za ta ɓace a ciki, gubar fumfunar nan suya ba ta kashe ta, tana taɓa hanta tana kuma hana yara girma.

Yanzu ga inda ake samun hutun na gaskiya, aikin da za ki yi rana ɗaya da kike gida ya ɗauke miki na mako. Lokacin sanyi zuwa farkon bazara tumatir da tattasai na arha, albasar Aliero ta cika kasuwa, lokacin ne na saye da ɗan yawa a yanka a shanya. Amma shanyar a yi ta a kan tabarma mai tsabta bisa gado ko rumfa a lulluɓa da yadi mara kauri, ba a ƙasa ko bakin kwalta inda ƙura da awaki da ɓeraye ke bi ba, ɓera shi ke kawo zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. In sun bushe ki daka ki zuba a kwalba mai murfi. Haka garin kuka, garin kuɓewa, zogale da aka shanya a inuwa don kada rana ta cinye amfaninsa, daddawa da citta da masoro da barkono a daka wuri ɗaya. Mace mai waɗannan kwalabe miyarta ba ta wuce minti ashirin. Ƙananan kifin nan da ake rainawa ki gasa su sama-sama ki daka har da ƙayar, cokali ɗaya a miya ko a faten yaro yana ƙara masa abin gina jiki da na ƙarfin ƙashi. Markaɗe kuma in kin kai inji ki tafasa shi da kin dawo har ruwan ya tsotse ki soya, ki raba a ƙananan robobi na girki ɗaya-ɗaya, amma wannan na mai firij ne, mara firij busasshe ya fi mata kwanciyar hankali.

Ga masu son ɗanyen kayan miya ya ɗan jima, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sawa cikin babba a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi safe da yamma a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tana aiki sosai lokacin rani da iska ke bushe, da damina ƙarfinta na raguwa. Ta tumatir ce da ganye da gauta, kada a ɗauke ta firij a sa dafaffen nama ko shinkafa.

Uwa mai goyo, wata 6 na farko nono zalla ko ruwa ba a ba shi, wannan ma rage aiki ne babba. Daga nan sai kunu, kuma kunun da muke koya ma mata shi ne garin da ake ce ma Tom Brown, awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a gyara a soya kowanne daban a cire ɓawon waken a haɗa a niƙa. In garin na ajiye dama shi minti kaɗan ne, don haka ba dalilin a dama da safe a zuba a fulas yaro ya yini yana sha har la'asar, a dama na sha ɗaya kawai. Ya yi kauri yadda zai tsaya a cokali, tsararo ciki kawai yake cikawa. A ba shi da kofi da cokali, bulumboti wuyar wankewa gare shi. Zuma kuma a jira sai ya shekara.

Abincin makaranta a zuba shi da zafinsa cikin kula da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a ce ma yara su ci a tara ta farko kada su bari sai an tashi. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ƙuli-ƙuli, dabino, dankalin Hausa, lemo ko ayaba sun fi jure zafi kuma sun fi biskit da lemon leda amfani.

Wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza da farantin da aka ɗora ta kada su taɓa latas ko kabeji sai an wanke da sabulu, kayan lambu kuma a wanke da ruwan da za ki iya sha. Hannu a wanke da sabulu bayan an yi ma yaro tsarki, nan ne muka fi sakaci saboda sauri. Mai gas ta riƙa shafa ruwan kumfa a bututu da bakin tukunyar gas ɗin, in ya yi ƙwai-ƙwai yana yoyo ne a kashe a gyara. In man girki ya kama wuta a kasko a rufe da murfi a kashe murhu, kada a watsa ruwa. Gawayi ko icce kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu, hayaƙin da ke kisa ba a ganinsa ba a jin warinsa.

Ku kuma maza, Alhaji, Malam, Yaya, kuɗin cefane na kullum-kullum da ake bayarwa ƙarfe goma na safe shi ke sa uwargida gaggawa. In da hali a ba ta na mako dunƙule ta tsara, a sayo busassun kaya ranar kasuwa, a gina mata murhu mai cin icce kaɗan, yara maza ma a koya musu tsintar wake da wanke-wanke ba aibu ba ne.

In duk da haka gudawa ta kama yaro, a fara ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, nan take kafin ma a fito. In babu na leda a gida a samu ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin, a juya a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo. A ci gaba da ba shi nono da abinci, a karɓo ƙwayar zinc a asibiti ya sha kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Amma in kin ga jini a kashi, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi shan komai, ko duk abin da ya sha yana dawowa, ko ya yi laushi ba ya kuka da ƙarfi, ko gudawar ta zama fara kamar ruwan wankin shinkafa musamman da damina, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa ko gona, a bar sallahu wajen maƙwabta a kawo mana shi ko da dare ne.