Jirgin Ruwan Haya Mai Kai Kaya Sansanonin Ƙanƙara

Jirgin dakon kaya ne na 'yan kasuwa wanda gwamnati ke ɗauka haya domin kai abinci, kayan gini, motoci da na'urorin bincike zuwa sansanonin masana kimiyya da ke ƙuryar kudu da ƙuryar arewa ta duniya. Sau ɗaya yake zuwa a shekara. Abin da aka manta, sai dai jirgin sama ya kai shi da tsada, ko a jira baɗi.

Wanda aka fi sani shi ne mai zuwa McMurdo, sansanin Amurka a tsibirin Ross na Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudu. Rundunar sojan ruwan Amurka ce ke hayarsa, kuma jirage irin su Green Wave, American Tern da Ocean Giant duk sun yi wannan aiki. Ana lodi a Port Hueneme ta Kalifoniya, a yada zango a Lyttelton ta Niyu Zilan, a isa ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Lokacin da hunturu ke kaɗawa a Katsina da Daura, can bazara ce, rana ba ta faɗuwa.

Ƙarfen jikinsa mai kauri ne, amma ba ya iya fasa wa kansa hanya. Jirgin fasa ƙanƙara, Polar Star, shi ke shiga gaba ya buɗe mashigi. Man fetur kuwa jirgin dakon mai daban ke kawo shi.

Inda matsala ta fi yawa shi ne wurin sauke kaya, domin a da, shekaru da dama, dandamalin da jirgin ke tsayawa da ƙanƙara ake gina shi. Cikin sanyi ake zuba ruwan teku hawa-hawa yana daskarewa, a saka igiyoyin ƙarfe a ciki, a rufe samansa da tsakuwa don kada rana ta narkar da shi. In sanyin shekara bai yi ƙarfi ba, ba ya ɗaukar nauyin manyan motoci. Haka ta faru a 2012, sai da sojoji suka harhaɗa gadar ƙarfe mai iyo a kan ruwa.

Dare da rana ake sauke kwantenoni da ƙugiyoyin jirgin. Daga nan taraktoci ke jan tankokin mai har sansanin Amundsen-Scott na Amurka da ke tsakiyar ƙuryar kudu, tafiyar kusan kilomita 1,600, wadda ta fi nisan Katsina zuwa Legas.

Jirgin ba ya komawa fanko. Yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda aka ƙulla don kare muhallin Antatika, ta wajabta kwashe shara, don haka da bola, da tsofaffin injuna, da samfuran ƙanƙarar masu bincike a kwantenoni masu sanyaya kaya yake juyowa.