Su wa ake kira "likitoci masu neman ƙwarewa", kuma me ke hana su barci?

Galibi ba a jin wannan suna sai ranar da ƙungiyarsu ta NARD ta tsunduma yajin aiki, asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika suka yi tsit. Wasu na ɗauka ɗalibai ne, alhali cikakkun likitoci ne. Sun gama karatun likitanci na shekara 6, sun yi shekarar sanin makamar aiki da ta bautar ƙasa, sannan suka dawo su ƙware a fanni guda, kamar tiyata ko lafiyar yara ko haihuwa. Horon kan ci shekara 5 zuwa 6, wani lokaci fiye, da jarabawa mataki-mataki, kafin mutum ya zama babban likita. A tsawon wannan lokaci, su ne ke riƙe da asibiti. Likitan da zai duba maka mara lafiya ƙarfe 3 na dare kusan kullum ɗayansu ne.

Tsarin ya samo asali ne daga asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889. A can, masu horon a cikin asibiti suke kwana su tashi, ba gida ba iyali. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tsarin, likitan tiyata William Halsted, ya yi fama da shan hodar iblis, abin da ya sa wasu ke cewa ba a kan jikin mai lafiya aka auna wannan aiki ba.

Abin da ke cinye barcin shi ne "kol", wato kwanan aiki. Likita ya shigo da safe, ya wuni, ya kwana a kan marasa lafiya, gari ya waye kuma ya ci gaba da zagayen ɗakuna. Jiki kuwa ba ya karɓar uzuri. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 24 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan koma kamar na wanda ya sha giya fiye da abin da doka ta yarda a yi tuƙi da shi. A wannan hali ake son ya lissafa adadin maganin jariri.

Amurka ba ta farga ba sai da aka yi rashi. A Maris 1984, wata budurwa 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York bayan an ba ta maganin da bai jitu da wanda take sha ba, a hannun matasan likitoci biyu da aiki ya yi wa yawa. Mahaifinta, lauya kuma ɗan jarida, ya ƙi yin shiru. A 1989 jihar ta ƙayyade awa 80 a mako, a 2003 aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa ƙasar baki ɗaya. Awa 80 ɗin ma ninki biyu ne na aikin ma'aikacin ofis. Tarayyar Turai ta tsaya a kan 48.

Masu adawa da ragin suna da hujja: yawan miƙa mara lafiya daga hannu zuwa hannu na sa bayani ya salwanta, kuma tiyata sai da yawan yi. Shi ya sa bayan Amurka ta rage wa 'yan shekarar farko zuwa awa 16 a jere a 2011, ta janye a 2017.

A Najeriya, NARD ce da kanta ta umarci mambobinta su daina wuce awa 24 a jere daga 1 ga Oktoba 2025. Sai dai umarni ba ya haifar da likita. Inda mutum uku ke raba kol ɗin mutum takwas saboda sauran sun tafi Ingila ko Saudiyya, wanda ya tashi ya tafi barci ya bar ɗakin ne babu kowa.