Cimar Karen Farauta: Abin Da Zai Ci Da Lokacin Da Zai Ci

Akwai maganar da ta daɗe a bakin wasu 'yan farauta a Kano, wai kare mai yunwa ya fi kamu. Shi ya sa za ka ga an hana shi abinci kwana guda ko biyu kafin fita, sannan a loda shi a mota da asuba a nufi daji. 'Yan uwa, wannan al'ada tana cutar da karnuka. Karen da aka bari da yunwa zai yi zafin nama da safe, amma kafin rana ta take ƙarfinsa ya ƙare, hancinsa ya daina bin sawu sosai, in kuma ya kama zomo ko gafiya sai ya yayyaga ta kafin mai shi ya iso. Abin da ake bukata shi ne ya shiga daji da cikin da ba nauyi, amma jikinsa ya ƙoshi tun makonnin baya.

Tuwo kaɗai ba ya riƙe karen aiki. Mutum yana samun yawancin ƙarfinsa daga hatsi, shi kuwa kare a doguwar tafiya kitse jikinsa ya fi ƙonawa, nama kuma shi ke gina tsoka da jini. Karen da ke wuni yana gudu a daji na iya bukatar ninkin abin da yake ci yana kwance a gida. In aka ce da ragowar tuwo da ƙanzo za a cike wannan giɓi, cikinsa zai cika ya yi nauyi alhali bai samu abin da yake nema ba.

Ga ma'aunin yini guda ga kare mai kilo 18 zuwa 20 a lokacin farauta. A samu garin masara ko na dawa cikin gwangwanin madara 2 zuwa 3, a dafa shi ya nuna sosai. A haɗa da nama ko kayan ciki kamar giram 400, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan: tumbi, huhu, zuciya, naman kai, duk abin da ya fi sauƙin kuɗi a Abbatuwa. A zuba cokali babba 2 zuwa 3 na narkakken kitse ko man gyaɗa, a dafa ƙwai guda, a jefa yankan kabewa ko karas a tukunyar. A romon naman za a tuƙa garin, kada a zubar da shi. Hanta tana da kyau amma kaɗan, yanka ɗaya sau biyu a mako, don in ta yi yawa tana sa zawo. Ranar da nama ya gagara, busasshen kifi da aka dafa aka cire manyan ƙayoyinsa zai tsaya a madadinsa. Waken suya ma yana taimakawa, amma sai an dafa shi ya yi laushi, ɗanyensa yana hana abinci narkewa.

Abu ɗaya da nama da hatsi duk ba su da shi isasshe shi ne sinadarin ƙarfafa ƙashi. Maganinsa yana cikin shara. A wanke ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi ya yi laushi kamar gari, a riƙa barbaɗa cokalin shayi guda a abincin yini. Wannan ya fi a miƙa masa dafaffen ƙashi, musamman na kaza, wanda ke tsagewa ya yi tsini ya maƙale a wuya ko ya huda hanji.

Kada a sauya abinci dare ɗaya. A fara wannan cima mako 4 zuwa 6 kafin fitar farko, ana ƙara sabon abincin kaɗan-kaɗan a kan tsohon har tsawon mako guda. In aka tuttula masa kitse lokaci guda, zawo da amai ne za su biyo.

Batun lokaci kuwa, babban abincin yana zuwa ne da yammacin jajiberin fita. Da asuba ruwa ya isa, ko ɗan abu kaɗan da bai wuce tafin hannu ba. Karen da ya cika ciki ya hau gudu yana iya amai, wani lokacin ma cikin ya kumbura ya murɗe, wanda ke kashewa cikin 'yan sa'o'i. In an dawo, a bar shi ya huta kamar awa guda, hakinsa ya lafa, ya sha ruwa, sannan a ba shi abinci. A riƙe 'yar kwalbar zuma a jaka. Idan kare ya fara tangaɗi da rawar jiki a tsakiyar farauta, mai yiwuwa sukarin jininsa ne ya faɗi. A shafa masa zuma a dasashi, kuma farautar ranar ta ƙare gare shi.

Rashin ruwa ya fi komai saurin kayar da kare. Mai kilo 20 yana shan kamar lita 1 a yini ko ba ya aikin komai, a daji kuwa ya kan ninka haka ko fiye. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, hakin nan kuma ruwan jikinsa yake tafiya da shi. A tafi da jarkarsu daban, a riƙa ba su kaɗan-kaɗan duk bayan rabin awa. In harshe ya zazzago ya yi jajir, miyau ya yi kauri, ƙafafu suna harɗewa, a kai shi inuwa nan take a jiƙa masa jiki da ruwa, musamman ciki da hammata da cinyoyi. Mun san falalar da ta zo a hadisi kan mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, balle karen da yake yi maka aiki.

Yanzu ga abin da ya shafi lafiyar iyalinku, ba ta kare kaɗai ba. Kada a ba kare ɗanyen huhu ko ɗanyar hanta, musamman waɗanda mahauta suka ware saboda ƙullutu masu ruwa a jikinsu. Ana samun irin waɗannan ƙullutu a tumaki da shanu da raƙuma, kuma 'ya'yan wata ƙaramar tsila ne a ciki. Kare ya ci, tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida. Yaro ya taɓa ya kai hannu baki, bayan shekaru ƙullutun ya fito masa a hanta ko huhu, sau da yawa sai an yi tiyata. Tafasa kayan cikin har su nuna yana kashe ta. Haka kayan cikin naman dajin da aka feɗe, a dafa kafin a ba su. Mushe kuwa kada a bari su kusance shi, ba a san ko guba ko cuta ce ta kashe dabbar ba.

Ragowar miya ma a yi hattara. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa ƙwayoyin jinin kare a hankali, sai a ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Goro guba ne gare shi. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, wanda ake cewa ai na karnuka ne, yana lalata hantarsu, kuma dafuwa ba ta kashe wannan dafin. Maganin ciwon jiki na mutane da ƙwayoyin ƙara kuzari kada a kuskura a ba su.

Hannu shi ne ma'aunin da ya fi. A shafa haƙarƙarinsa duk mako: ya kamata a ji ƙasusuwan ƙarƙashin ɗan nama, ba a riƙa ƙirga su daga nesa ba. In ƙashin ƙugu ya fito, a ƙara kitse da nama; lokacin damina da ba a fita, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku. Karen da ke ci sosai amma yana ramewa, a fara zargin tsutsar ciki da kaska. A ba shi maganin tsutsa duk wata 3, wanda ke ɗauke da praziquantel don ya kashe tsila, daidai da nauyinsa. A kai shi asibitin dabbobi, kamar na Gwale, a auna shi, a yi masa rigakafin ciwon haukan kare sau ɗaya a shekara, a kuma ajiye katin a inda za a same shi ranar da aka tambaya.