Ma'anar "gejin mai" da abin da allurarsa take faɗa

Kwanan nan duk garejin da ka leƙa, ko ka buɗe bidiyon masu gyaran mota a TikTok, sai ka ji ana zancen gejin mai. Ƙaramin agogo ne mai allura da ake sayowa daban a ɗaura a gaban direba. Na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa wanda ya ɗaura shi ya huta da buɗe bonet don duba baƙin mai. Wannan magana tana iya jawo wa mutum asarar inji sukutum, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kalmar geji daga Turanci muka aro ta, muka kuma ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Mai faci yana yi wa taya geji. Tsinken ƙarfen da ake zarowa daga inji a goge da tsumma, geji ne. Allurar da ke nuna sauran fetur a tanki, ita ma geji. Ga shi kalmar "mai" a bakinmu ta haɗa fetur da baƙin mai. To in mutum ya ce gejin mai, abu uku yake iya nufi. Biyu daga ciki yawa suke aunawa. Na ukun, wanda ake yayi yanzu, matsi yake aunawa, kuma a nan ruɗanin yake.

Wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya riga ya san matsi, ko da bai san sunansa ba. Ka tayar da injin ban ruwa, ruwa yana kwarara ta bakin tiyo a hankali. Ka ɗora babban yatsa ka toshe rabin bakin, sai ruwan ya yi tsartuwa ya kai can ƙarshen fangali, tiyon ya yi tauri a hannunka. Ruwan kogi bai ƙaru ba, injin ma bai canja ba. Hanyar fita ce ta ƙuntata. Famfo aikinsa tura ruwa ne kawai, matsi kuwa yana samuwa ne daga abin da ya tare wa ruwan hanya.

Haka abin yake a cikin inji. Famfon mai yana zuƙo baƙin mai daga tukunyar da ke ƙasan inji ta cikin rariya, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa metal, wato ƙarafan da kiranshaf, babban sandar inji, yake juyawa a cikinsu. Tazarar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma ita ce yatsan da ke bakin tiyo. In metal ya cinye, tazarar ta buɗe, kamar ka ɗage yatsa ne: matsi ya faɗi, alhali in ka zaro tsinke za ka ga mai a cike taf. Akasin haka ma yana faruwa. Mai zai iya raguwa da lita guda allura tana tsaye inda ta saba, domin bakin rariya yana nutse a cikin sauran man. Sai ranar da aka sha kwana da gudu ko aka taka birki da ƙarfi, man ya tuttula gefe guda, famfo ya zuƙi iska. A lokacin allura za ta faɗi, amma metal ya riga ya sha gugar ƙarfe da ƙarfe. Don haka tsinken nan da tsumma suna nan daram, babu agogon da ya karɓe musu aiki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda aka mayar da hawan allura alamar lafiyar inji. Corolla ce aka rubuta 5W-30 a murfin manta, sai a ɗura mata 20W-50 wanda ya fi shi kauri, allura ta haura, mai mota ya tafi yana murna wai injinsa ya ƙara ƙarfi. Ka koma fadama ka zuba kunu a madadin ruwa, tiyo zai yi tauri fiye da da, amma abin da ke isa shuka ya ragu. Baƙin mai aikinsa ya gudana: ya raba ƙarfe da ƙarfe, ya kwashi zafi ya fita da shi, wani ya shigo. Mai kaurin da ya wuce ƙa'ida yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da aka fi cin ƙarfe. Na yarda tsohon injin da metal ɗinsa ya buɗe yana iya samun 'yan watanni da mai mai kauri kafin a sauke shi. Wannan lallaɓawa ce, a kira ta da sunanta. Lambar da allura take nunawa da sanyin safiya ma, musamman a hunturu, ba abin dogaro ba ce, don man bai saki ba. Har akwai bawul a famfon da ke buɗewa ya mayar da rarar mai tukunya in matsin ya yi yawa.

Duk da haka ina goyon bayan ɗaura gejin, kuma dalilina jar fitilar nan ce mai siffar buta. Mutane da yawa suna ɗauka tana nufin mai ya ragu, a ƙara in an isa gari. Ita kuwa makunni ne mai magana biyu tak, akwai ko babu, kuma a yawancin motoci ba ta kamawa sai matsi ya sauka ƙasa da rabin bar (bar ma'aunin matsi ne). In ta kama mota tana gudu, a kashe inji nan take. Tsofaffin Golf da ke jigila a hanyoyinmu sun ɗan fi dabara: makunni biyu gare su, ɗaya na 0.3 bar, ɗaya na 1.8 bar a injin fetur da yawa, wanda ke sa ƙararrawa in inji ya wuce juyi 2,000 a minti matsi bai kai ba. Direbobi da dama suna sa mai wayarin ya yanke ƙararrawar don ta dame su, alhali gaskiya take faɗa musu. Geji na gaske yana nuna maka raguwar tun tana tafiyar hawainiya, watanni kafin fitila ta kama. Na ce na gaske, domin wasu motocin Ford na Amurka sun zo da allura daga kamfani wadda makunni ne kawai a bayanta, da an sami ɗan matsi sai ta tsaya a tsakiya.

Lambobin ma suna rikita mutane. Wani agogon yana nuna 4, wani 60, ana gardamar wane inji ya fi, alhali kusan abu ɗaya suka faɗa: na farko da bar yake awo, na biyu da wani ma'auni mai suna psi, kuma bar ɗaya psi 14.5 ne. Tsohon ƙiyasin makanikai shi ne psi 10 ga kowane juyi 1,000, amma littafin motar shi ke da magana ta ƙarshe.

Wajen ɗaurawa, iri biyu ne. Akwai mai siririn tiyo da ke kawo man kansa har bayan agogo, inda yake tura lanƙwasasshen bututun da Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849. Yana da gaskiya, amma in tiyon roba ya fashe, tafasasshen mai ne a kan ƙafar direba. Na fi son na lantarki, wanda ake murɗa sansa a jikin inji a jawo waya kawai.

Zaren ramin da ake murɗa gejin a jikin inji shi ne tarkon. Gejin Amurka yawanci 1/8 NPT ne, mai zare 27 a inci guda. Injunan Japan irin su Toyota da Honda yawanci 1/8 BSPT ne, mai zare 28. Na Volkswagen M10x1. Na farko da na biyu ido ba ya bambance su, suna shiga juyi biyu ko uku lafiya, sai yaron gareji ya sa sifana ya ƙarasa da ƙarfi, zare ya lalace ko jikin inji ya tsage. A nemi mahaɗin da ya dace. Kada kuma a cire makunnin jar fitila don a sami rami: a sa mahaɗi mai baki uku su zauna tare, ko faifan da ake sawa a ƙarƙashin filta. In sansan mai nauyi ne, a ɗaure shi a jikin mota a haɗa da gajeren tiyo mai jure zafi, don girgizar inji tana karya mahaɗin tagulla. Farin tef ɗin masu gyaran famfo kuma a yi hattara da shi: sansa mai waya ɗaya ta zarensa yake samun at, wato haɗuwar lantarki da ƙarfen inji, tef yana iya katse shi, guntunsa kuma yana iya faɗawa hanyar mai.

In an gama, a tayar da inji a duba yoyo, a yi tafiyar kamar minti ashirin har mai ya yi zafi sosai. Sannan a rubuta abin da allura ta nuna a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, da abin da ta nuna a juyi 3,000, da irin man da ke ciki. Da waɗannan lambobin za a riƙa gwada na wata mai zuwa.