Rufe Bakin Waya da Daddare Ba Yanke Zumunci Ba Ne

A ɗakin duba masu hawan jini, bayan tambayoyin da muka saba yi game da gishiri da shan magani a kan kari, yanzu nakan ƙara guda ɗaya: a ina wayarku take kwana? Amsar da aka fi ba ni ita ce ƙarƙashin matashin kai ko gefen katifa, kuma a kunne. Idan na ci gaba da tambaya, sai in tarar mutum yana cikin zaurukan WhatsApp masu yawan da shi kansa sai ya ƙirga da yatsu kafin ya faɗa: na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na unguwa, na masallaci, na adashi, na wurin aiki, ga kuma na siyasa da aka jefa shi ciki ba da saninsa ba. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma ko ɗaya cikin goma daga cikinsu ne suka yi "sai da safe", wayar za ta yi ƙara fiye da sau ɗari kafin gari ya waye.

Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye da haka a kowane dare. Wanda ya ajiye waya ƙarfe ɗaya na dare, ya tashi sallar Asuba ƙarfe biyar, awa 4 kawai ya samu, su ɗin ma ba a jere ba idan ƙara tana katse su. Lokacin barci mai nauyi ne bugun zuciya yake lafawa, jini ya sauka, jiki ya huta daga ɗawainiyar yini, shi ya sa ƙarancin barci na tsawon lokaci yake da alaƙa da hawan jini da ciwon suga da ƙiba. Akwai kuma wani sinadari mai suna melatonin da ƙwaƙwalwa take fitarwa idan duhu ya yi domin shirya jiki ga barci, kuma haske da daddare yana jinkirta fitowarsa. Amma a ganina abin da ya fi hasken illa shi ne abin da aka karanta. Mutum ya farka don duba saƙo ɗaya, ya tarar da gardama tsakanin 'yan uwa ko bidiyon haɗari, sai ya kwana yana juyi.

Shawarar da mutane suke tsammanin ji daga bakina ita ce su kashe wayar gaba ɗaya, kuma ba na bayar da ita, domin na san ba za a bi ba, kuma masu ƙin bi suna da hujja. A wurinmu jana'iza ba ta jira. Wanda ya rasu da daddare ana iya sallatarsa da safe, kuma babu mai so a ce an kai ɗan uwansa makwanci yana barci. Ga mai mata da ta shiga watan haihuwa, ga mai tsohuwa ba lafiya a ƙauye. Sai dai ku lura da abu ɗaya: idan naƙuda ta tashi ko rai ya yi halinsa, na kusa kira suke yi, ba rubutu a zaure ba. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne a bar ƙofar kira a buɗe, a rufe bakin saƙonni.

Matakin farko yana cikin WhatsApp ɗin kanta. A wayar Android, ku danna zauren da ya fi damunku ku riƙe, za ku ga alamar ƙararrawa ko lasifika mai layi a kai ta fito a sama. Idan kun taɓa ta, za a ba ku zaɓi uku: awa 8, mako 1, ko kullum. Wannan shi ne abin da matasa suke kira miyut. Saƙonni za su ci gaba da shigowa, ba ɗaya da zai ɓace, ƙarar ce kawai ta ɗauke, kuma babu wanda za a sanar cewa kun yi hakan. Na nanata wannan ne domin dattawa da dama sun gaya mini suna tsoron a ɗauke su masu girman kai. Idan wani ya ambaci sunanku a zauren, ko ya amsa saƙonku kai tsaye, sanarwar za ta zo muku duk da haka. Zauren da ba ku son ko ganinsa a gaba, akwai ma'ajiyar hira da za ku tura shi ciki, kuma tun 2021 yana zama a can ko da sabon saƙo ya shigo. Wanda kuma ba shi da wani amfani, ku fita. Tun 2022 shugabannin zaure kaɗai ake sanarwa idan mutum ya fita, ba kowa da kowa ba.

A cikin saitin sirri akwai wurin da za ku zaɓi wanda ke da ikon saka ku a sabon zaure, da wurin hana kiran lambobin da ba ku sani ba yin ƙara, wanda aka ƙara a 2023.

Mataki na biyu, wanda na fi ba muhimmanci, yana cikin saitin wayar kanta, wato yanayin "kar a dame ni", mai alamar jinjirin wata ko da'ira mai layi a tsakiya. Za ku iya sa masa lokaci, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa kiran sallar farko, ya riƙa kunna kansa yana kashe kansa kowace rana ba tare da kun taɓa ba. A cikinsa ne za ku zaɓi mutanen da kiransu zai shigo ko da komai yana shiru: iyaye, miji ko mata, ɗan da ke makarantar kwana, maƙwabcin da kuke taimakon juna da mota. Akwai kuma zaɓin mai maimaita kira, wanda yake barin kira na biyu daga lamba ɗaya ya yi ƙara idan ya biyo bayan na farko cikin minti 15 a Android, ko minti 3 a iPhone. Wannan ya wadatar ga baƙuwar lambar da ta zo da labarin gaggawa. Agogon da kuka saita domin Asuba ko sahur yakan kaɗa kamar yadda ya saba, amma ku gwada shi da rana sau ɗaya domin hankalinku ya kwanta. Wanda bai iya waɗannan ba, ya miƙa wa ɗansa ko jikansa, aikin minti biyar ne. Ku kuma gaya wa dangi a fili cewa bayan ƙarfe 10 duk mai uzuri ya kira.

Da rana ma akwai inda ƙarar take da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari, don haka masu tuƙa mota da adaidaita sahu da babur su kunna wannan yanayin kafin su tayar da inji.

Idan kun yi shiru da wayar na mako biyu ko uku, kun ajiye ta nesa da shimfiɗa, amma barcin bai dawo ba, ko kuna farkawa da ciwon kai da faɗuwar gaba, ko iyali suna cewa kuna minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, ku zo asibiti a auna jini a duba ku. Kada ku sayi maganin barci a kemis ba tare da takardar likita ba, domin wasu daga cikinsu jiki yana sabawa da su har barinsu ya zama wani ciwon na daban.